Yadda Ma'aikaci Zai Riƙe Ɗinkin Bargon Ƙyallaye Tare da Aikinsa na Albashi

A Amurka da Kanada da Ingila akwai ɗimbin mutanen da kan wuni a asibiti ko makaranta ko banki suna aikin da ake biyan su albashi a kansa, idan kuma suka koma gida sai su zauna gaban keken ɗinki suna harhaɗa ƙananan ƙyallaye har su zama bargo. Irin wannan bargo hawa uku ne. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da yankakkun ƙyallaye masu launi iri-iri, akwai cikon auduga a tsakiya, akwai kuma shafi a baya, sannan a bi duka ukun da ɗinki domin kada audugar ta dunƙule wuri guda. Wanda ya taɓa duba lifidin da ake ɗora wa dawaki a hawan salla a Kano ko Katsina ko Zariya ya riga ya ga tushen dabarar, domin shi ma yadi ne sama da ƙasa da auduga a tsakani, an danne su da ɗinki.

Da yawa daga cikin waɗanda suka yi suna a wannan fanni ba zaman kashe wando ne ya kai su gare shi ba. Caryl Bryer Fallert ta shafe shekaru tana kula da fasinjoji a jirgin sama, kuma tana kan wannan aiki ne bargonta ya ci babbar kyautar gasar garin Paducah da ke jihar Kentucky a 1989. Carolyn Mazloomi injiniyancin jiragen sama ta karanta, kuma ita ce ta kafa ƙungiyar da ta haɗa mata baƙar fata masu wannan ɗinki a 1985. Bisa Butler, wadda mahaifinta ɗan Ghana ne, ta yi shekaru tana koyar da zane a makarantun sakandare na jihar New Jersey kafin hotunan mutanen da take ɗinkawa da atamfa da sauran yadudduka su kai ga babban gidan kayan fasaha na Chicago a 2020. Karen Nyberg kuwa, injiniya kuma 'yar sama jannati, ta ɗinka murabba'i mai siffar tauraro da hannu a 2013 tana cikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda ƙyalle da almakashi kan tashi su yi shawagi idan ba a manne su ba.

Abin da ya sa wannan ɗinki ke zama lafiya da aikin albashi shi ne yana karɓar rarrabawa. Ana iya ajiye shi a kusan kowane mataki a dawo bayan kwana uku a tarar da shi yadda aka bar shi. Saboda haka ma'aikacin da ke son ya daɗe yana yi, sai ya koyi yanka lokacinsa ƙanana-ƙanana kamar yadda zai yanka ƙyallensa, ya kuma yanke shawara tun da wuri ko hutu yake nema a ciki ko kuɗi.

Bargon farko da lissafinsa

Kuskuren da ya fi kashe gwiwar sabon mai ɗinki shi ne ya fara da bargon babban gado. Wanda ke fita tun bakwai na safe ya dawo bayan la'asar ya fi kyau ya fara da bargon jariri mai faɗin inci 36 da tsawon inci 48. Ana samun wannan girma ne da manyan murabba'ai 12, uku a kwance huɗu a tsaye, kowanne inci 12. Kowane babban murabba'i kuma ƙananan murabba'ai tara ne, uku-uku. Ke nan ana buƙatar ƙananan murabba'ai 108, kuma idan ana son launi mai duhu da mai haske su riƙa bin juna, sai a yanka 54 na wannan, 54 na wancan. Kowanne a yanka shi inci huɗu da rabi, domin ɗinki zai cinye rubu'in inci a kowane gefe, abin da zai rage a fuska ya zama inci huɗu cif.

Wannan rubu'in inci shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, kuma ya cancanci a ɓata masa yamma guda kafin a taɓa yadin kirki. A auna rubu'in inci daga inda allura ke sauka, a manna tef a kan farantin keken, a riƙa bin gefensa da bakin ƙyalle. Idan hannu ya riƙa ƙara kashi ɗaya cikin takwas na inci a kowane ɗinki, to kowace mahaɗa za ta cinye ƙarin rubu'in inci daga tsawon layin, kuma layi mai ƙyallaye 12 yana da mahaɗa 11, wato bargon zai gajarta da inci biyu da rubu'i uku, kusurwoyi kuma su ƙi haɗuwa. Ma'aikaci ba shi da lokacin farke ɗinki, don haka gara ya daidaita ma'auninsa sau ɗaya tun farko.

Game da yadi, na auduga zalla mai matsakaicin kauri ya fi sauƙin sarrafawa, kuma atamfa ta dace ƙwarai. A wanke ta tukuna domin sitacinta ya fita, ta kuma gama tsukewar da za ta yi, sannan a gwada ja da shuɗi mai duhu ta hanyar jiƙa su tare da farin ƙyalle a ga ko suna zuba. Kada a haɗa leshi ko yadi mai miƙewa da atamfa a bargon farko, domin kowanne yana ja ta nasa ɓangare. Shagunan teloli cike suke da ragowar ƙyallaye, amma ragowar yadin da aka kawo ɗinki haƙƙin mai kaya ne, saboda haka a karɓi wanda masu shi suka yafe kawai, ko a tara na gida da na 'yan uwa, ko a sayi yadi ɗaiɗai a kasuwa irin Kantin Kwari. Ciko kuma, audugar roba mai shimfiɗa wadda masu ɗinka kayan gado ke amfani da ita ta wadatar, haka nan tsohon bargo marar nauyi wanda aka wanke. Audugar rimi ta fi dacewa da matashi, domin takan tattare idan ana yawan wanki.

Raba aikin bisa ƙarfin da ya rage a jiki

A nan ne ya kamata a fi tsayawa, domin a nan mafi yawan barguna ke mutuwa a cikin leda. Matakan aikin ba nauyinsu ɗaya ba, kuma gajiyar ranar Talata da dare daban take da natsuwar safiyar Asabar.

Yanka yana son ido a buɗe da hankali a kwance. Kuskure a wajen yanka ba ya gyaruwa, yadin ya tafi ke nan. Tun da kamfanin Olfa na Japan ya fito da wuƙar yanka yadi mai juyawa kamar taya a 1979, masu wannan ɗinki suka samu damar yanka hawa huɗu ko fiye a lokaci guda da taimakon rula da faifan roba, amma kaifinta kamar na reza ne. Saboda haka yanka aikin ranar hutu ne da safe, a rufe wuƙar duk lokacin da aka ajiye ta, a kuma ɗaga ta sama inda yara ba za su kai ba. Wanda ba shi da ita ya yanka kwali mai kauri daidai ma'auni, ya zana da alli, ya bi da almakashin da ba a yanka komai da shi sai yadi. A gama yanka dukkan ƙyallaye 108 a zama ɗaya ko biyu, a jera na kowane babban murabba'i a ledarsa, a rubuta lamba a jiki.

Haɗa ƙyallaye kuwa ɗinki ne miƙaƙƙe wanda ba ya neman tunani mai yawa, don haka shi ne aikin ranakun mako. Minti ashirin ko talatin bayan sallar isha'i sun isa a haɗa rabin babban murabba'i, ko ma fiye idan hannu ya saba. Akwai dabarar da ke rage lokaci da zare, wato a riƙa tura ƙyallaye biyu-biyu ƙarƙashin allura ɗaya bayan ɗaya ba tare da yanke zare ba, sai an gama duka a bi da almakashi a raba su. Idan aka ɗauka kowane babban murabba'i zai ci dare biyu, kuma ana zama dare huɗu a mako, to fuskar bargon jariri za ta kusa kammala cikin mako shida. Wannan lissafi ne da mai aikin gwamnati ko na kamfani zai iya cikawa ba tare da ya hana kansa barci ba.

Sharaɗin da zai sa minti ashirin ɗin nan su yi amfani shi ne kada a cinye su wajen fito da keke da neman zare. Keken ya samu kusurwarsa ta dindindin ko da a lungun ɗaki ne, da zare a jikinsa, a lulluɓe shi saboda ƙurar hunturu. Kafin a tashi daga kowane zama, a ɗora ƙyallayen da za a fara da su gobe a gefen allura, a kuma rubuta layi ɗaya a takarda da ke cewa ga inda aka tsaya. Ni a ganina wannan 'yar takarda ta fi kowane kayan aiki mai tsada muhimmanci ga ma'aikaci, domin mako mai wahala a ofis kan goge abin da mutum ya ɗauka ba zai manta ba. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, keken ƙafa irin Singer ko Butterfly yana yin dukkan wannan ɗinki miƙaƙƙe, dutsen guga na gawayi kuma yana kwantar da mahaɗa, muddin an sa wani ƙyalle a tsakani saboda toka.

Mataki ɗaya ne ba ya rabuwa, wato shimfiɗa hawa ukun. Ana baza shafin a ƙasa mai tsabta a ja shi ya miƙe, a ɗora ciko, a ɗora fuska, shafi da ciko su zarce fuskar da kamar inci uku ta kowane gefe, sannan a kafe su da fil mai kulle ko da dogon ɗinkin wucin gadi, ana farawa daga tsakiya zuwa baki. Wannan yana son rabin yini da ɗaki babu zirga-zirga, don haka a ware masa rana tun da wuri. Bayansa sai ɗinkin dannewa, wanda a bargon farko ya isa a yi shi a miƙe, layi-layi, tazarar inci uku zuwa huɗu. Daga ƙarshe a yanka dogayen tsiri masu faɗin inci biyu da rabi, a ninka biyu, a ɗinka su a bakin bargon da keke, a juya su baya a kalmashe da hannu.

Kowane aiki da irin damarsa

Malamin makaranta yana da dogon hutu, saboda haka ya dace ya tara manyan matakai, yanka da shimfiɗa da dannewa, ya kai su hutun zango, ya bar ƙananan haɗe-haɗe ga lokacin karatu, ya kuma rufe keken gaba ɗaya a makon jarrabawa da duba takardu. Ma'aikaciyar jinya mai aikin dare kada ta kusanci wuƙa ko almakashi da safiyar da ta sauka daga aiki, barci ne haƙƙin wannan safiya, ɗinki ya jira ranakun hutun da ke biyo baya. Mai yawan tafiye-tafiye ya fi amfana da salon da ya shahara a Ingila, inda ake naɗe ƙaramin ƙyalle a kan takarda mai kusurwa shida a kafe, sannan a haɗa su da allura da hannu, domin kayan aikin duka suna shiga ƙaramar jaka, ana kuma iya yi a masauki ko a wurin jiran mota.

Wanda ke wuni a kan kujera gaban kwamfuta shi ne ya fi buƙatar kula da jikinsa, domin wuyan da ya wuni a sunkuye da idon da ya wuni yana kallon haske su ne zai sake ɗora wa aiki da dare. Teburin keken ya zama daidai gwiwar hannu, fitila ta haska allura kai tsaye, dutsen guga kuma a ajiye shi nesa da kujera da gangan domin dole a riƙa miƙewa ana takawa.

Akwai iyaka guda da ba a tsallakewa. Lokacin aiki amana ne, an saye shi da albashi. Ɗinkin hannu a lokacin hutun rana ba laifi ba ne idan dokar wurin ta yarda, amma ba a fito da allura a gaban marar lafiya ko ɗalibi ko mai jiran a sa masa hannu a takarda, ba a kuma buga zanen bargo da injin ofis. Ranar da shugaba ya fara danganta jinkirin aiki da ɗinki, to an ɓata sunan ma'aikacin da na sana'ar baki ɗaya.

Kuɗin da za a kashe ma yana son iyaka. Masu wannan ɗinki a Amurka sun san ciwon tara yadi, inda mutum kan cika kabad da abin da ba zai gama ɗinkawa ba a shekara goma, kuma mai albashi ya fi kowa faɗawa ciki, domin yana da kuɗin saye amma ba shi da lokacin ɗinki. A ware adadi sananne a kowane wata, kada kuma a sayi yadin bargo na uku alhali na farko bai samu baki ba.

Abokan ɗinki

A ƙasashen da wannan aiki ya kafu, ƙungiyoyinsa kan haɗu sau ɗaya a wata, da yawansu da yamma ko ranar Asabar saboda masu zuwa aiki. Bikin baje kolin barguna na birnin Houston a Amurka, wanda ya samo asali a 1974, yana tara dubban mutane kowace shekara, haka ma na Birmingham a Ingila, kuma ƙungiyar masu salon zamani da aka kafa a Los Angeles a 2009 ta bazu ne galibi ta intanet a tsakanin matasa masu aiki. Tsarin da ya fi dacewa a kwaikwaya shi ne na mutum 12 da ke aiki kamar adashi: kowane wata mutum ɗaya ke kwasa, ya faɗi launi da salon da yake so, sauran su ɗinka masa babban murabba'i ɗaya-ɗaya, shi ma ya ɗinka nasa, sai ga fuskar bargo ta haɗu. Nauyin kowa murabba'i ɗaya ne a wata, abin da ko mai aiki biyu zai iya. Sai dai kafin a fara, kowa ya ɗinka na gwaji a auna da rula ɗaya, domin idan rubu'in incin mutane bai zo ɗaya ba, mai kwasa ne zai sha wahalar haɗawa.

Idan aka fara cewa a sayar

Da zarar bargo ya yi kyau, abokan aiki za su fara tambayar nawa ne, wasu kuma su ce ai wannan sana'a ce, a bar aikin albashi kawai. A nan ake buƙatar alƙalami da takarda. Tun daga bargon farko a riƙa rubuta sa'o'in da kowane mataki ya ci. A raba albashin wata da sa'o'in aikin wata domin a san darajar sa'a ɗaya, a ninka da sa'o'in bargon, a ƙara kuɗin yadi da ciko da zare. Adadin da zai fito kusan kullum ya ninka farashin bargon masana'anta da ke jibge a kasuwa sau da yawa, kuma mai saye da wancan farashi zai gwada. Wanda ya sayar ƙasa da lissafinsa ya ɗauki aiki na biyu ne mai ƙarancin lada, ya kuma rasa abin da yake hutawa da shi.

Tarihi ya nuna fuskokin abin biyu. A 1966 matan karkara baƙar fata a jihar Alabama, ciki har da na yankin Gee's Bend, sun kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta sayar da barguna, kuma ta kawo musu kuɗin shiga a lokacin da suke cikin tsananin talauci. Amma manyan shaguna sun buƙaci kaya iri ɗaya bisa ma'auninsu, har a 1972 ƙungiyar ta karɓi kwangilar ɗinka rigunan matashi ga kamfanin Sears. Bargunan da suka fi jan hankalin duniya a baje kolin bargunan matan Gee's Bend da aka fara a Houston a 2002 galibi waɗanda matan suka ɗinka wa gidajensu ne yadda ransu ya so, wasu da tsofaffin kayan aikin gona, wasu da ragowar yadin kwangilar. A ɗaya ɓangaren akwai Jenny Doan da 'ya'yanta, waɗanda suka buɗe shago a ƙaramin garin Hamilton na jihar Missouri a 2008 da injin dannewa mai dogon hannu, suka bunƙasa ta hanyar darussa a YouTube. Abin lura shi ne arzikinsu ya zo ne ta sayar da yankakken yadi da koyarwa da danne wa mutane bargunansu. Wanda ke son kuɗi a wannan fanni ya duba waɗannan ƙofofi, ko ƙananan kaya masu saurin gamawa irin su rigar matashi da jaka da shimfiɗar jariri, kafin ya ɗora begensa a kan babban bargo.

Ma'aikacin gwamnati a Nijeriya yana da ƙarin abin dubawa. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 sun hana mai aikin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a mai zaman kanta, in ban da noma. Ɗinka wa jikoki bargo bai shiga nan ba, amma buɗe shago da karɓar kwangila wani abu ne daban, don haka a nemi bayani daga sashen kula da ma'aikata tukuna. Mai aikin kamfani shi ma ya sake karanta takardar ɗaukarsa aiki, domin wasu sukan sa sharaɗi a kan aikin gefe.

Idan an duba duk wannan kuma aka ga za a karɓi aikin wani, to a karɓi ɗaya kawai a lokaci guda. A rubuta girma da launi da farashi a takarda kowa ya riƙe kwafi, a karɓi kuɗin kayan aiki kafin a yanka komai, ranar bayarwa kuma a ninka abin da lissafi ya nuna sau biyu, domin taron gaggawa a ofis da rashin lafiyar yaro da biki da rasuwa duk za su ci daga cikin dararen da aka ware. Bargon biki ko na suna, wanda ranarsa ba ta matsawa, kada a karɓe shi sai in saura aƙalla wata uku, kuma ya kasance ba a tsakiyar lokacin da aikin ofis ya fi tsanani ba, kamar ƙarshen shekarar kuɗi ga akanta ko makonnin jarrabawa ga malami.